Kwalara: Yadda Ƙwaya Mai Raki Ke Tsallake Yunwa, Tsami Da Magani

Da zarar damina ta kankama, kwatoci suka cika suka fara amayar da ƙazanta cikin unguwanni, sai mu fara jin sanarwa a rediyo: a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, amai da gudawa ta ɓarke a gari kaza. Wata shekarar abin yakan zo da sauƙi, wata kuma ya zo da gayya. A 2021, alƙaluman hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa sun nuna cewa sama da mutum 111,000 ne ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi jin jiki. Waɗanda ta fi kwantarwa a shekarar su ne yara 'yan shekara 5 zuwa 14, wato sa'o'inku da ƙannenku.

Wanda ya ji wannan ɓarna zai ɗauka ƙwayar da ke yin ta wata gagarabadau ce. Ko kusa. Bakteriya ce 'yar mitsitsiya mai suna Vibrio cholerae, mai siffar waƙafi, da ɗan bindi guda ɗaya da take kaɗawa ta yi iyo. Sai an jera kusan 500 kai da ƙafa kafin su kai tsawon milimita ɗaya a kan rularku. In ta bushe, ta mutu. In ruwa ya tafasa, ta mutu. Ruwan lemun tsami ma yana gamawa da ita. Amma ga shi tun da ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta iso Najeriya a ƙarshen wannan shekara, ba mu rabu da ita ba. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan. To ta yaya halitta mai raki haka take tsallake yunwa da magungunan ruwa da tsamin cikin ɗan Adam, ta sake dawowa? Amsar tana cikin ƙwayoyin gadonta, kuma can za mu leƙa a wannan mako.

Littafi mai shafi kusan 3,900

Kowace halitta, daga bishiyar kuka zuwa kiyashi zuwa mu kanmu, tana ɗauke da wani dogon zare a cikin ƙwayoyin jikinta da ake kira DNA. A jikin zaren nan aka rubuta umarnin yadda za a gina halittar da yadda za ta yi aiki, da haruffa huɗu kacal: A da T da G da C. Kowane yanki na zaren da ke ɗauke da umarni guda, misali yadda za a haɗa wani furotin, shi muke kira ƙwayar gado. Mu 'yan Adam muna da wajen 20,000. A shekarar 2000 masana a Amurka suka gama karanta na ƙwayar kwalara tun daga farko har ƙarshe, suka tarar da haruffa miliyan 4 da 'yan kai, da ƙwayoyin gado kusan 3,900, a rabe cikin zobba biyu, babba da ƙarami.

Ku ɗauke shi kamar littafi mai shafi 3,900. Abin da muke so ku riƙe da kyau shi ne, ƙwayar ba ta karanta shafukan nan duka a lokaci guda. Da za ta yi haka, da ta ƙarar da ƙarfinta a banza. Manomi yana da garma da fartanya da lauje a ɗaki ɗaya, amma ba ya fita da lauje ranar shuka. Ita ma haka. A jikin fatarta akwai wasu furotin da ke aikin 'yan gadi, suna jin zafi da sanyi, da gishiri da tsami, da ƙarancin abinci. Da sun ji canji sai su aika saƙo ciki, a buɗe shafukan da suka dace da halin da ake ciki, a rufe waɗanda ba su da amfani yanzu. Wannan kan faru cikin mintuna.

Mu fara da yunwa. A wurin da abinci ya wadata, ƙwayar kwalara tana rabuwa gida biyu cikin ƙasa da rabin sa'a, biyun su zama huɗu, haka dai. A rijiya ko kududdufi kuwa, abincin da take so ɗan kaɗan ne. A nan ne wata ƙwayar gado mai suna rpoS take tashi tsaye. Furotin ɗin da take samarwa ɗan jagora ne: yakan kama na'urar da ke karanta DNA ya kai ta kan shafukan da aka tanada domin lokacin wuya. Sai ƙwayar ta rage haihuwa, ta tsuke bakin aljihu, ta shiga ƙera abubuwan kare kai.

Kuna iya tambaya, wa ya shiga cikinta ya ga haka? Dabarar masana ba ta da wuyar fahimta. Sukan cire ƙwayar gado guda ɗaya daga bakteriyar, su bar sauran yadda suke, sa'annan su jefa mai giɓin da cikakkiyar cikin wahala iri ɗaya su ga wadda za ta kai labari. A 1998, Fitnat Yildiz da Gary Schoolnik na Jami'ar Stanford sun yi haka da rpoS. Waɗanda aka cire musu ita sun fi saurin mutuwa da aka hana su abinci, da aka tsananta musu gishiri, da kuma da aka zuba musu haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Kusan duk abin da za mu faɗa a ƙasa ta irin wannan hanya aka gano shi.

Akwai kuma shafukan zafi. Idan ɗumi ya ƙaru, furotin ɗin da ke cikin ƙwayar sukan fara lanƙwashewa, sai a buɗe shafukan wasu furotin masu aikin gyara su miƙar da su. Sai dai gyaran yana da iyaka. Yana ceton ƙwayar daga ɗumi, ba ya ceton ta daga tafasa. Shi ya sa ɗumamen da aka ɗan nuna wa wuta, gefe da zafi tsakiya da sanyi, ba a gama da shi ba. Sai ya yi zafi har ciki, yana turiri.

Garin da ke bangon randa

Duk wanda aka taɓa sa shi wanke randa ko jarka ya san wannan santsin da ke manne a bangonta ta ciki. Wannan yauƙi ba dauɗa ba ce kawai, gari ne guda na ƙananan halittu. Ba kowane santsin randa ne ke ɗauke da kwalara ba, kada ku je ku fasa wa Inna randarta. Amma idan ƙwayar ta samu shiga, irin wannan gini take yi wa kanta.

Tana da wani rukunin ƙwayoyin gado da ake kira vps. Idan ta sami wurin maƙalewa, sai ta daina iyo, ta buɗe waɗannan shafuka, ta fara fitar da wani danƙo da aka haɗa daga sukari. Dubban ƙwayoyi sukan dunƙule a cikinsa, tamkar mutanen da suka kewaye kansu da ganuwa. Ƙananan halittun ruwa masu cin bakteriya sukan sha wuya kafin su cinye su, magani kuma yakan ƙare ƙarfinsa a kan na waje kafin ya kai ga na ciki.

A farkon shekarun 1990, bayan annobar da ta ɓarke a ƙasar Peru a 1991, masu bincike sun lura cewa ƙwayar tana fitowa da fuska biyu a kan faranti a ɗakin gwaje-gwaje: wata sumul, wata a yamutse kamar busasshen tumatir. Da aka zuba musu kulorin, sinadarin da hukumar ruwa ke sa wa ruwan famfo, sumul ɗin ta mutu cikin daƙiƙoƙi, amma a cikin yamutsattsiyar an sami masu rai bayan rabin sa'a. A 1999 Yildiz da Schoolnik suka nuna cewa danƙon vps ne ke yamutsa ta, kuma shi ke ba ta wannan juriya. Ƙwaya ɗaya ce, littafi ɗaya, shafin da aka buɗe ne ya bambanta.

Wannan ba ya nufin kulorin ba ya aiki. Yana aiki ƙwarai, shi ya kori kwalara daga manyan biranen duniya da dama. Abin da yake nufi shi ne, ba a yi masa rowa kuma ba a yi masa gaggawa. A sa adadin da aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30. Idan ruwan ya yi gurɓi, a fara tace shi ko a kwantar da shi, domin laka tana shanye maganin. Alif kuwa kwantar da laka yake yi, ba a dogara da shi wajen kashe cuta. Sa'annan zuba ruwa mai tsabta a jarkar da ba a goge cikinta ba, ko tsoma modar da hannu goma suka taɓa, mayar da aiki baya ne.

Barcin gaiwa

Masunta sun san gaiwa. Idan fadama ta ƙafe, takan nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta kamar matacciya har ruwa ya dawo. Ƙwayar kwalara tana da irin nata.

Shekaru da dama masana suna ɗibar ruwa a Bangaladash, inda kwalara ke zuwa da tafiya kowace shekara, su shuka shi a faranti lokacin da babu annoba, sau da yawa ba su ga komai ba. Sai aka ɗauka ƙwayar ta mutu. Wata masaniya Ba'amurkiya, Rita Colwell ta Jami'ar Maryland, ba ta yarda ba. A 1982 ita da abokan aikinta suka nuna cewa idan wuya ta yi wuya, bakteriyar takan shiga wani hali: tana da rai, amma ba ta tsirowa a faranti. Takan ƙanƙance, ta dunƙule ta bar siffar waƙafi, ta rage numfashi da cin abinci zuwa ɗan abin da zai riƙe rai. An daɗe ana yi wa Colwell gardama a kan wannan, amma daga baya gwaje-gwaje suka nuna cewa irin waɗannan masu barci suna iya farfaɗowa, har a cikin hanji. 'Yan matanmu masu sha'awar kimiyya su sani, ita ce mace ta farko da ta shugabanci Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka, daga 1998 zuwa 2004.

Ita da mutanenta sun kuma gano inda ƙwayar ke samun masauki a ruwa: jikin wasu ƙananan halittu dangin jatan lande da ƙaguwa, waɗanda da kyar ido ke ganinsu. Ɓawon jikinsu an yi shi da wani abu mai suna kaitin, irin wanda ke ɓawon fara, wanda ke ƙaras-ƙaras idan kuna cin soyayyiya. Ƙwayar kwalara tana da shafukan narkar da kaitin ta ci. Ga gida ga abinci ke nan, kuma halitta guda tana iya ɗaukar dubbanta.

Daga nan wata dabara mai arha ta fito. Ƙwayar ta fi ƙarfin matacin yadi don ƙanƙanta, amma abin da take hawa bai fi ƙarfinsa ba. A yankin Matlab na Bangaladash aka koya wa mata a ƙauyuka 65 su ninka tsohon zanensu na sari sau huɗu ko fiye, su tace ruwan kogi da shi. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kashi 48 cikin 100 a gidajen da suka yi haka. Tsohon zane ya fi sabo, domin wanki ya sa zarensa ya matse. Ku tambayi kakanninku, za su ce ai sun san wannan. Irin waɗannan halittu ne ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu, kuma tace ruwa da ƙyalle na cikin abubuwan da suka sa aka tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu a 2013. Tacewa dai rage haɗari take yi, ba ta maye gurbin tafasawa.

A nan akwai wani abu da ya kamata mu bambance, domin ana yawan cakuɗa shi. Labarin ɓuya a ruwa shekara da shekaru ya fi ƙarfi a bakin Tekun Bengal, mahaifar wannan cuta. Namu ya ɗan sha bamban. A 2017 masana ƙarƙashin Cibiyar Pasteur ta Faransa da Cibiyar Sanger ta Ingila suka karanta DNA na ƙwayoyi sama da 1,000, akasarinsu daga ƙasashen Afirka 45, suka ga cewa an shigo da kwalara nahiyar nan daga Asiya aƙalla sau 11 tun 1970, kowane zuwa ya yi ta yawo na shekaru kafin ya ɓace. Wato a wajenmu mutane ne babbar motarta, daga kasuwa zuwa kasuwa, daga sansani zuwa gari, musamman a kewayen Tafkin Chadi inda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗu. Dabarun juriyarta su ke ba ta damar rayuwa a rijiya da jarka da kwanon abinci, daga cikin wannan mutum zuwa bakin wancan. A ganinmu wannan labari ne mai daɗi, domin abin da mutane ke kaiwa da kawowa, mutane na iya tare shi.

Kogin tsami

A ce ƙwayar ta tsira a ruwa, wani ya sha. Yanzu ne za ta gamu da babban maƙiyinta. Tumbin mutum cike yake da asid mai ƙarfi, ita kuwa ba abin da ta tsana kamar tsami. Mafi yawansu a nan suke hallaka. A gwajin da aka yi da 'yan sa-kai a Amurka a shekarun 1970, sai da mutum ya haɗiye ƙwaya miliyan ɗari zuwa sama kafin ciwo ya kama shi. Da aka fara ba su garin soda mai kashe tsamin ciki, dubu goma zuwa miliyan ɗaya suka wadatar. Shi ya sa masu shan magungunan rage tsamin ciki, kamar masu gyambon ciki, suke bukatar ƙarin kula lokacin annoba.

Masu tsallakewa suna da abin dogaro biyu. Na farko ganuwar nan ta yauƙi: wanda ya haɗiye dunƙule, na waje za su mutu, na tsakiya su wuce. Na biyu wata ƙwayar gado ce mai suna cadA, wadda Andrew Camilli na Jami'ar Tufts da ɗalibinsa suka bayyana aikinta a 1999. Furotin ɗinta yana sarrafa wani sinadarin abinci, kuma a cikin sarrafawar yake shanye tsamin da ya kutso cikin ƙwayar. Abin lura shi ne, ƙwayar da ta fara ɗanɗana tsami kaɗan takan buɗe wannan shafi da wuri, sai ta fi jure tsami mai tsanani daga baya. Wahala kaɗan horo ce a gare ta.

Wannan rauni nata ya taɓa bayyana a kwanon abinci, a maƙwabtanmu. A annobar ƙasar Mali ta 1984, lokacin fari, masu bincike sun alaƙanta cutar a wani ƙauye da shan kunun gero da ya kwana. A al'ada ana tsamama kunun da nonon akuya, amma fari ya sa nono ya yi wuya, ƙwayar kuwa tana hayayyafa a kunun da ba shi da tsami. A Konakiri ta ƙasar Gini a 1986, an ga cewa ragowar miyar gyaɗa tana da haɗari, miyar tumatir mai tsami kuwa ba haka ba. A Gini-Bisau kuma bincike ya nuna matsa lemun tsami a miya yana rage kamuwa. Kada dai wani ya ji haka ya dama fura da ruwan kududdufi ya ce ai nono zai yi magani. Tsami taimako ne, ba garkuwa ba ne.

Gubar aro

Da ta wuce tumbi ta shiga ƙaramin hanji, ta yaya take sanin ta iso? Ba ta da ido. Tana jin ruwan maɗaciya, tana jin sinadaran hanji, tana kuma auna zafi. Wannan na ƙarshe ya fi burge mu. Saƙon da ke fitowa daga wata ƙwayar gado mai suna toxT yakan naɗe kansa ya ƙulle idan wuri da sanyi, ba ya karantuwa. Da zafi ya kai digiri 37, zafin jikin mutum, sai ƙullin ya warware, a karanta saƙon. Ma'aunin zafi ke nan da aka yi da zare. Wani ɗan gadi mai suna ToxR kuma yakan sauya ƙofofin da ke fatar ƙwayar da waɗanda ruwan maɗaciya ba ya saurin ratsawa. Sai ta fitar da wasu siraran gasu ta maƙale da 'yan uwanta a bangon hanji, ta fara zuba guba.

Wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, shi ya tabbatar da wannan guba a Kalkata a 1959. A 1996 kuma Matthew Waldor da John Mekalanos na Jami'ar Harvard suka gano abin da ya girgiza masana: shafukan gubar ba na ƙwayar ba ne tun asali. Wani bairos ne mai kama bakteriya ya shige ta, ya liƙa nasa shafukan a cikin littafinta. Akwai ire-iren Vibrio cholerae sama da 200 a ruwayen duniya, akasarinsu ba su da wannan aro, kuma biyu ne kawai, O1 da O139, ke tayar da annoba.

Aro dai sana'arta ce. A 2005 aka gano cewa idan tana zaune a kan kaitin takan buɗe shafukan zuƙo DNA daga waje. A 2015 Melanie Blokesch da mutanenta a Lozan ta Suwizalan suka ƙara da cewa ba ta jiran tsintuwa: tana da wani ɗan mashi da take soke maƙwabciyarta da shi, ta fashe, ta kwashi shafukanta. O139 ma da ta ɓulla a Indiya da Bangaladash a 1992 tsohuwar ƙwaya ce da ta sami sababbin shafukan riga daga wata, sai garkuwar jikin manyan da suka saba da tsohuwar rigar ta kasa gane ta.

Gubar tana sa ƙwayoyin bangon hanji su buɗe ƙofofin gishiri su bar su a buɗe. Gishiri ya fita, ruwa ya bi shi. Mai tsananin ciwo yana iya zubar da lita ɗaya cikin sa'a guda, gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, kuma rashin ruwan ne ke kisa, wani lokaci cikin sa'o'i. A wajen ƙwayar kuwa, wannan ambaliya ita ce motar fita, da miliyoyinta a kowane cokali.

Har fitar ma da shiri take yin ta. Bakteriya suna ƙidaya kansu: kowace tana sakin wani ɗan sinadari, idan ya yi yawa sun san sun cika wuri. Bonnie Bassler ta Jami'ar Princeton ta yi suna a kan wannan bincike. Idan ƙwayoyin kwalara suka ji sun yi cunkoso, wani furotin mai suna HapR yakan rufe shafukan guba da na danƙo, a saki bango. Kafin fita kuma sukan buɗe shafukan rayuwar ruwa, har da tara guzurin sukari a ciki. Binciken da aka buga a 2002 ya nuna cewa waɗanda suka fito daga cikin majinyaci sun fi kaifin kamu na wasu sa'o'i. Wannan na cikin dalilan da suka sa cutar ke bin 'yan gida ɗaya, kuma shi ya sa ma'aikatan lafiya ke matsawa a kan yadda za a zubar da bayan gidan majinyaci, da wanke shimfiɗarsa da ruwan kulorin nesa da rijiya, da yadda za a yi wa mamaci sutura lokacin annoba. Ba raina al'ada ba ne.

Kafso biyu daga kemis

Wahala ta ƙarshe ita ce wadda mu muke jefa ta a ciki: maganin kashe bakteriya. Idan wani abu ya fara lalata DNA ɗinta, tana da ƙararrawar gaggawa da masana ke kira SOS, mai buɗe shafukan gyara. Yawancin ƙwayoyin kwalara na yanzu suna kuma ɗauke da wani ƙunshin shafuka mai suna SXT, wanda ke ba su juriyar magunguna da dama a lokaci guda, kuma yana iya ƙaura daga wannan ƙwaya zuwa waccan. A 2004 ɗakin binciken Waldor ya nuna cewa ƙararrawar SOS tana zaburar da wannan ƙaura, kuma cikin abubuwan da ke kaɗa ƙararrawar har da ciprofloxacin, maganin nan da aka fi sani da cipro. Ku duba lamarin: maganin da bai kai ya kashe ba, yana iya sa ƙwayoyin su raba wa juna makamin kare kai. Mai sayen kafso biyu a kemis don cikinsa ya murɗa, ya daina da ya ji sauƙi, bai san makarantar da yake buɗe musu ba. A kwalara ma likita ne ke yanke wanda ke bukatar irin wannan magani, galibi masu tsananin ciwo.

Abin da ke ceton rai shi ne mayar da ruwa, kuma a nan littafin ƙwayar ba shi da shafin martani. A bangon hanji akwai wata ƙofa dabam da ke shigar da gishiri idan ya zo tare da sukari, ruwa kuma ya bi su ciki. Gubar kwalara ba ta taɓa wannan ƙofa. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare wa likita Dilip Mahalanabis a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke Indiya, sai ya sa 'yan uwan majinyata su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari da kofi. Mace-mace suka sauka daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Kwalara mai tsanani da ba a kula da ita ba tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, amma da kulawa a kan lokaci ba ta kai ɗaya cikin 100 ba.

Ƙunshin ORS na asibiti ko kemis shi ya fi, a zuba shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, kwatankwacin ledar fiya wata biyu, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, a motsa. A riƙa ba majinyaci yana kurɓa kaɗan-kaɗan ko da yana amai, a ci gaba da ba shi a kan hanyar zuwa asibiti, kada a tsaya jiran gari ya waye. Jariri kuma a ci gaba da ba shi mama. Wanda aka haɗa ya kai sa'a 24, a zubar a haɗa sabo.